Inji Biyu a Garejin Abdu

A shekarar da ta biyo bayan cire Jihar Kebbi daga Sakkwato, babu mai rubutun allon sanarwa a Jega da ya zauna babu aiki. Kowace makaranta, kowane ɗakin magani, kowace motar haya tana ɗauke da sunan tsohuwar jiha, kuma dole a goge a sa sabo. Lawali, mai rumfar fenti a Sabon Gari, ya fi kowa samun wannan aiki, domin rubutunsa ba ya fita. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kafin ya ɗora buroshi a kan ƙarfe sai ya goge wurin da samfefa, wato takardar nan mai kaushi, har santsin ya mutu, sannan ya share da tsumma. Fenti yana son abin kamawa. Wannan ka'ida sau ɗaya ya karya ta, kuma labarin wannan karon ne za a bayar.

Bayan an ɗebe gero, wata ƙungiyar manoman albasa ta ƙasar Maiyama ta samu injinan ban ruwa goma sha biyu. Duka iri ɗaya ne, duka jajaye, da tankin mai a bisa yana sheƙi kamar an tsoma shi cikin ruwa. Fentin kamfani ne, wanda ake gasawa a jikin ƙarfe har ya zama kamar gilashi. Da yake ba a iya bambanta ɗaya da ɗaya, aka ɗoro su a akori-kura aka kawo wa Lawali ya rubuta sunan kowa a kan tankinsa, da ajami, don kowa ya iya karantawa.

Wanda ya jagoranci tafiyar shi ne Ummaru na Liba, abokin Lawali tun suna samari. Mutum ne mai ƙoƙari a gona, mai tsabtar kaya, kuma mai taurin kai. Yana ganin Lawali ya ciro samfefa ya riƙe masa hannu.

"Mi za ka yi da wagga takarda?"

"In kankare wurin da za ni rubutu."

"Ka kankare mi? Sabon inji, ko wata bai yi ba?"

"Ɗan wuri na, Ummaru, tafin hannu guda. In ban yi ba fentin ba ya zama. Kamar ka zuba ruwa bisa ganyen gwaza na."

"To ka zuba hakanan. Ni ban kawo inji a yi mishi zanen suna ba."

Sauran manoman suka yi dariya, suka goyi bayan Ummaru. Kowa yana son ya koma ƙauye da kayansa yana ɗaukar ido. Lawali ya yi musu sau biyu, a na uku ya mayar da samfefar cikin gwangwani. Ya dama farin fenti, ya rubuta sunaye goma sha biyu da manyan baƙaƙe a kan santsi. Rubutun ya fito tas, aka yi ta yabawa. Mai sana'ar da ya bar mai kaya ya koya masa sana'arsa, in ɓarna ta zo, kaso mafi girma nasa ne, domin shi ya sani kuma ya yi shiru.

Wata huɗu da 'yan kwanaki suka wuce. Zafi ya shigo. Wata safiya Lawali yana jan layi a kan allon wata makarantar firamare sai ga Ummaru a bakin rumfa, ƙafafunsa fari fat da ƙura, ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba.

"Tashi mu tahi Aliero."

"Lahiya?"

"Rubutunka ya hita. Kuma Waliyyu na son ya ci mini inji da rana tsaka."

Waliyyu ƙanin Gudiya ne, matar Ummaru, yana noma a Sarandosa, kuma yana cikin mutum goma sha biyun. A kan hanya, cikin motar haya, Ummaru ya ba da labarin. Injinsa ya yi tari ya mutu ranar Lahadi. Aka yi dace na Waliyyu ma ya tsaya a makon. Direba ɗaya ya kwashi biyun ya kai garejin Abdu makaniki a Aliero, ba tare da masu su ba. Abdu kuwa al'adarsa ce ya wanke inji da fetur kafin ya buɗe shi. Yana goga tsumma a kan tankunan, farin rubutun da ya riga ya tsattsage ya ɗaye kamar ɓawon albasa. Da ya buɗe injinan, ya samu ɗaya datti ne kawai ya toshe masa hanyar mai, ya busa ya tashi. Ɗayan ya buga, don an bar shi yana aiki babu isasshen baƙin mai, kuma kayan gyaransa sai an aika Sakkwato, mako biyu ko uku. Abdu bai kula wanne ne na wa ba kafin ya wanke. Yanzu kowa ya ce mai lafiyar nasa ne.

"Albasata saura kwana ashirin a cire," in ji Ummaru. "Yau kwana huɗu ba ta sha ba. In ta ƙara biyar cikin wanga zahi, sai dai in ba awaki ganyen."

"Ba lamba a jikin injin?"

"Akwai. Wa ya rubuta ta? Mun ce ga sunanmu."

Garejin Abdu rumfar kwano ce a bayan kasuwar albasa, ƙasarta baƙa da mai. Injinan biyu suna ajiye gefe da gefe a cikin inuwa. Waliyyu yana zaune a kan tsohuwar taya yana cin gyaɗa, siriri, mai fara'a, irin mutanen da fara'arsu ke ƙara tunzura mai fushi.

"Sannu da zuwa, mijin yaya. Ka ɗauko alƙali?"

"Na ɗauko wanda za ya kunyata ɓarawo."

Waliyyu ya daina tauna. Tsakanin mutum da ƙanin matarsa akwai wasa, kuma wasan yana ɗaukar maganganu masu nauyi, amma wannan kalmar ba cikin wasa aka faɗe ta ba, kuma mutane biyar ko shida da ke jiran gyara sun ji.

Abdu, ƙato mai ƙaramar murya, ya goge hannu a jikin wandonsa ya gaisa da Lawali.

"Malam Lawali, ka gahwarce ni. Shekara goma sha biyar ina wanke inji da fetur, ban taɓa ganin rubutu ya bi tsumma haka ba."

"Ba laihinka ba na," in ji Lawali. "Rubutun bai zauna ba tun farko."

Ya tsuguna ya duba tankunan. Ya shafa da yatsa. Babu ko ɗigon fari. Ya nemi gurbin buroshi, ko wani ɗan tudu da fenti kan bari, bai samu ba. Santsin ya ƙi karɓar komai, don haka bai riƙe komai ba. Ya miƙe yana shirin cewa ba shi da abin faɗa.

A daidai lokacin Abdu ya ja wani inji na uku daga lungu zuwa bakin rumfa don ya samu wurin aiki. Shi ma ja ne, shi ma daga cikin goma sha biyun, kuma shi ma an wanke shi. Rana ta hantsi ta faɗo a kan tankin a karkace. Lawali ya ga wani abu kamar tabon ruwa a kan jan fentin. Ya matsa kusa, abin ya ɓace. Ya ja da baya ya sunkuyar da kai gefe, abin ya dawo.

"Abdu, wanga na wa na?"

"Na Murtala na, mutumin Liba. Shi da kanshi ya kawo shi jiya, ba gardama kanshi."

"Kada ka taɓa shi."

Lawali ya durƙusa har gemunsa ya kusa taɓa ƙarfen. Ya tofa yawu a yatsa ya shafa wurin. Tabon ya ƙara fitowa. Jan da ke cikinsa ya fi na kewaye duhu, kuma yana da siffa. Ya bi siffar da farce, a hankali, daga dama zuwa hagu, ya ga hannunsa yana bin hanyar da ya taɓa bi da buroshi. Sunan Murtala ne, baƙi bayan baƙi, babu fenti ko kaɗan, sai bambancin ja da ja.

"Zo ka gani," ya ce da Abdu.

Abdu ya tsuguna, ya karkata kai yadda aka nuna masa. Ya daɗe.

"Ikon Allah. Fentinka ya shiga ciki ke nan?"

"Bai shiga ba. Da ya shiga da fari za mu gani. Wanga jan na kamfani na, yadda ya zo sabo. Na kewayen shi ya koɗe."

"Zahin inji na ya ci shi."

Lawali ya sa aka kwantar da injin, ya leƙa ƙarƙashin tankin, wurin da ke fuskantar kan injin, inda zafi ya fi yawa. Jan wurin yana nan da duhunsa kamar ranar da aka kawo shi.

"In zahi na, nan ya kamata ya hi koɗewa. Duba."

Abdu ya duba, ya sosa ƙeya. "To iska?"

"Iska na shiga ƙarƙashi."

Suka mayar da injin tsaye. Lawali ya lura da wani siririn layi mai duhu da ya ratsa gefen tankin, ya bi shi da ido ya ga daidai yake da ƙarfen mariƙi da ya gifta ta bisa. Inda mariƙin ke yin inuwa, jan bai koɗe ba. Ya kwance murfin tankin, ya ga zoben da ke ƙarƙashin bakin murfin shi ma ja wur.

"Rana ta," ya ce. "Ba zahinta ba, haskenta. Duk inda ta gani ta ci. Inda fentina ya ruhe, ba ta gani ba."

"Yanzu haske na cin fenti?"

"Ba ka ga tabarmar roba da anka bari waje ba? Ko rigar da anka shanya kullum wuri guda?"

"Wannan tuhwa na. Wanga ƙarhe na."

"Fentin ba ƙarhe ba na."

Shekara ashirin Lawali yana ganin alluna suna koɗewa a bakin titi, yana cewa tsufa ne, bai taɓa tambayar kansa me ke tsofar da su ba. Yawancin mutane haka suke da abin da suke gani kullum. Ya zauna a ƙasa mai mai, da farar rigarsa, yana juya tankin Murtala a rana yana kallon sunan yana fitowa yana ɓacewa. Tambayoyi suka yi ta zo masa. Me ya sa ja ya fi shuɗi saurin koɗewa a allunan da ya sani? In an yanka suna a kwali aka manna a sabon tanki aka bar shi a rana wata huɗu, ashe za a samu rubutu babu fenti? Rubutun da fetur ba zai wanke ba? Ya manta da abin da ya kawo shi, sai da Ummaru ya yi gyaran murya a kansa.

"Ni ban zo kallon injin Murtala ba."

Lawali ya ɗaga kai. A nan ne ya tuna cewa abin da ya gano zai yanke wa ɗaya daga cikin mutum biyu hukunci, kuma ɗayansu abokinsa ne. Ya kalli injinan biyu a inuwa. Tun daga inda yake, yanzu da idonsa ya koyi abin dubawa, ya ga ɗaya ya fi ɗaya haske. Ya san Ummaru. Ya san mutumin da ya hana a kankare masa tafin hannu guda ba zai bar injinsa a buɗe cikin rana ba. Zuciyarsa ta gaya masa amsar kafin a fitar da su.

Yana iya cewa na Murtala dace ne, sauran ba za su nuna ba. Babu wanda zai ƙaryata shi, domin babu wanda ya san yadda ake karkata kai sai shi da Abdu, Abdu kuwa ba mai son rigima ba ne. Bai yi haka ba. Amma ya yi wa abokinsa abu ɗaya, ya ba shi ƙofar fita.

"Ummaru, Waliyyu, ku ji. Kahin a hitar da su, ku daidaita tsakaninku. Ku 'yan'uwa na. Ku raba kwanakin mai lahiyar har a gyara ɗayan, ba sai an san na wa na ba."

Waliyyu ya watsar da ɓawon gyaɗa. "Ni na yarda. Kwana biyu Liba, kwana biyu Sarandosa."

"Ban yarda ba," in ji Ummaru. "In raba kayana da wanda ya so sace shi? A hitar."

"Ummaru, ka yi tunani."

"Na yi. Injina ban taɓa barin shi ba mai ba. Kullum sai na ruhe shi da buhu, ko ƙura ba ta taɓa shi. A hitar."

Abdu ya ɗauko wanda ya buga ya ajiye a rana. Jansa yana nan kusan sabo. Lawali ya jiƙa tsumma ya shafa, ya karkata, ya sake karkatawa. Akwai wani abu, amma ɗan kaɗan ne, kamar sawun tsuntsu a kan busasshiyar ƙasa. Ba a iya karanta shi.

"Kun gani," in ji Ummaru. "Ba komi."

Aka fito da mai lafiyar. Wannan ya sha rana, jansa ya koma kamar na tsohuwar hula. Ba a ma buƙaci ruwa ba. Abdu yana ajiye shi, sunan ya fito a kan tankin, da duhunsa, a tsakiyar koɗaɗɗen fenti. Wani dattijo mai jiran a gyara masa babur ya leƙo ya karanta da ƙarfi, yana jan kowane baƙi kamar mai biya karatu: Waliyyu.

Ummaru ya tsuguna da kansa, ya karkata kai, ya goga tankin da hannun rigarsa, ya sake dubawa. Ya iya ajami kamar kowa. Ya koma wurin ɗayan ya buɗe ma'aunin baƙin mai, ya ciro shi a bushe, ya daɗe yana kallonsa. Mutum yana iya share bayan kayansa safe da yamma ya manta da cikinsa, kuma ya rantse da gaskiyarsa cewa yana kula da shi. Ummaru bai yi ƙarya ba. Ya yarda da abin da ya faɗa, kuma wannan bai sa ya zama gaskiya ba.

"Ni nawa ko buhu bai taɓa gani ba," in ji Waliyyu a hankali. "Gudiya ma ta sha yi mini faɗa, wai in yi koyi da kai."

Wani ya yi dariya ya haɗiye ta. Waliyyu ya tashi ya nemo igiya ya fara ɗaure injinsa a bayan babur ɗin da zai kai shi tasha. Ya ɗaura, ya kwance, ya ce bai yi daidai ba. Ya sake ɗaurawa. Ya tambayi Abdu ko akwai tsohon kwali da zai sa a ƙarƙashi. Ya tsaya ya sha ruwa. Duk wanda ke wurin ya gane abin da yake yi: yana ba mijin yayarsa lokaci ne. An kira shi ɓarawo a gaban mutane, ba zai sake yin tayi da bakinsa ba, amma kalma ɗaya ta ishe shi.

Lawali ya matsa kusa da Ummaru ya yi ƙasa da murya.

"Ka ce mishi ya yi haƙuri. Shi ke nan. Jira yakai."

"In roƙi yaron da na goya a kahwaɗa ranar bikin yayarshi?"

"Albasarka fa?"

Ummaru ya juya fuska wajen kasuwa, inda ake ta loda buhunan albasar wasu a manyan motoci. Leɓensa ya motsa. Waliyyu ya ɗaga kai daga igiyar. Amma abin da ya fito daga bakin Ummaru, Abdu ya nufa da shi.

"Yaushe kayan za su iso?"

"In an yi sa'a, mako biyu."

"To a aika."

Waliyyu ya ja igiyar ya ƙulle. Ya yi wa kowa sallama, har da Ummaru, ya ce a gaida Gudiya. Babur ya tashi.

Lawali ya ce da Ummaru laifin rubutun nasa ne, domin ya san ba zai zauna ba ya rubuta. Ummaru ya ce wannan ya wuce. Suka rabu a tasha, ɗaya ya nufi Jega, ɗaya ya nufi Liba.

Washegari Ummaru ya tono tsofaffin itatuwan jigo da ya jingine a bayan rumbu tun zuwan inji, ya kafa su a bakin rijiyar fadama. Daga fitowar rana zuwa la'asar yana jan guga. Gudiya ta ce za ta aika wa ƙaninta, ya hana ta, ita kuma ba ta aika ba. Ruwan jigo yana isa fangulan albasar da ke kusa da rijiya, amma kafin ya bi kwari ya kai na tudu ƙasa ta shanye shi. Ya yi kwana uku yana ƙoƙarin shayar da duka, ya ga zai rasa duka, sai ya toshe kwarin da ke hawa tudu da ƙasa da hannunsa. Ganyen fangulan tudu ya kwanta, ya yi fari, 'ya'yan suka tsaya kamar ƙwan zabo.

Kayan gyara suka iso bayan kwana goma sha tara. Ranar da Abdu ya aiko da injin yana aiki lafiya, Ummaru ya riga ya cire albasarsa da kwana ɗaya. A gonar da ya sa ran buhu arba'in, ya ɗaure goma sha huɗu.